Fari a Mashigin Panama: ruwan da jirage ke kwashewa da rigimar kuɗin sabon dam

Panama tana cikin ƙasashen da suka fi samun ruwan sama a duniya. Damina takan kama daga watan Mayu har zuwa Nuwamba ko farkon Disamba. Duk da haka, a watan Agustan 2023 jiragen ruwa sama da 160 ne suka yi cirko-cirko a bakin mashigin ƙasar, wasu a ɓangaren Tekun Atilantika wasu a na Fasifik, suna jiran layi saboda ƙarancin ruwa. Abin tambaya a nan shi ne yadda hanyar da ta haɗa tekuna biyu za a ce ta rasa ruwa.

Dalilin yana cikin yadda aka gina ta. Mashigin Suez na Masar yanka aka yi a ƙasa, teku ta haɗu da teku, ruwan gishiri ne tun daga farko har ƙarshe, fari bai shafe shi ba. Na Panama kuwa, wanda aka buɗe a 1914, hawa ake yi a sauka. Tsawonsa kimanin kilomita 80 ne, kuma tsakiyarsa Tafkin Gatun ne, wanda aka samar ta hanyar datse Kogin Chagres. Tafkin yana sama da teku da kimanin mita 26. Jirgin da ya taso daga Atilantika sai an ɗaga shi hawa uku a Gatun, ya ratsa tafkin da yankan dutsen Culebra, sannan a sauke shi hawa ɗaya a Pedro Miguel da hawa biyu a Miraflores kafin ya faɗa Fasifik.

Kowane hawa ɗaki ne na kankare mai ƙofofin ƙarfe gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofa, a buɗe bawul, ruwa ya gangaro daga sama ta manyan magudanan da ke cikin bango ya ɓullo ta ramukan da ke ƙasan ɗakin, jirgi ya yi ta tashi har ya yi daidai da ɗaki na gaba. Babu injin da ke tura ruwan, nauyinsa ne ke kawo shi. Kuma duk ruwan da ya gangaro ba ya komawa, ƙarshensa teku.

Tsofaffin ɗakunan, na 1914, suna da tsawon mita 305 da faɗin mita 33.5, kowane hawa kuma ya kusa mita 9. Cika ɗaki guda yana cin lita miliyan 100 ko kusa da haka. Jirgi yana cin cikin ɗaki ɗaya wajen hawa, ɗaya wajen sauka, domin ruwan da ya bar ɗakin sama shi ne yake cika na ƙasa. Jimilla lita miliyan 200 ke nan na ruwan daɗi a kan kowane jirgi. A lokacin da komai ke lafiya jirage 36 zuwa 38 ke wucewa a rana, wato sama da lita biliyan 7 ake zubarwa a teku kullum. Wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: girman ɗaki da tsayin hawa su ke yanke yawan ruwan da za a kashe, ba girman jirgi ba. Ƙaramin jirgi da babba kusan ruwa ɗaya suke ci.

Wannan ruwa kuma shi ne na sha. Tafkin Gatun da na Alajuela, wanda aka datse a saman Chagres a 1935, su ke shayar da fiye da rabin mutanen ƙasar, har da birnin Panama da Colon. Dokar ƙasar ta sa buƙatar jama'a a gaban ta jirage. Idan tafki ya ja baya, jirgi ake hanawa, ba famfo ba.

Abin da ya faru a 2023

Shekarar El Nino ce, yanayin da saman ruwan gabashin Fasifik ke ɗumama fiye da ƙima, ya karkatar da hadari daga Amurka ta Tsakiya. An taɓa ganin irinsa a 1997 zuwa 1998, da 2015 zuwa 2016, sannan 2019 ma ta zo da ƙarancin ruwa. Amma na 2023 ya bugi daminar ne a inda ta fi muhimmanci. Oktoba da Nuwamba su ne watannin da tafki ke cika ya tara abin da za a ci a rani, sai ga shi Oktoban 2023 ta zama mafi bushewa tun 1950, ruwan da aka samu ya gaza na al'ada da kashi 41 cikin ɗari. Lokacin da ya kamata ruwan Gatun ya kai ƙafa 87 ko 88 sama da teku, yana wajen ƙafa 80 ne, ga rani na wata huɗu ko biyar yana tafe, ga rana da iska suna shan nasu rabon daga tafkin da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 400.

Hukumar Mashigin Panama tana da hanyoyi biyu na rage ɓarna, kuma ta bi duka biyun.

Ta farko ita ce rage nutson jirgi, wato iya zurfin da gindinsa zai shiga ruwa. Ƙasan hanyar ba ya motsi, musamman a yankan Culebra inda dutse ne, don haka duk ƙafar da tafki ya sauka sai a cire ta daga nutson da aka yarje wa jirgi. Manyan jiragen da ke bin sababbin ɗakunan da aka buɗe a 2016 an saba ba su ƙafa 50, sai aka mayar da su ƙafa 44. Ƙafa shida a baki kamar ba komai ba ne. Amma jirgi mai tsawon mita 366 da faɗin mita 49, kowace santimita da ya nutse tana daidai da kaya tan 130 zuwa 150. Ƙafa shida santimita 183 ce, wato kaya fiye da tan 20,000 ne zai bari a tasha. Akwai kuma wani lissafi da matuƙa ke yi tun kafin su yi lodi: ruwan daɗi bai kai na gishiri ɗaukar nauyi ba, saboda haka jirgin da aka auna a teku zai ƙara nutsewa da kusan ƙafa guda idan ya shiga Gatun. Wanda ya yi kuskure a nan sai ya sauke kaya a bakin mashigi. A Agustan 2023 jirgin kwantena mai suna Ever Max sai da ya ajiye kwantenonin da suka kai kusan 1,400 a ma'aunin kwantena mai ƙafa 20 a tashar Balboa, aka tsallaka da su ta ƙasa, ya kwashe su a ɗaya ɓangaren.

Rage nutso ba ya ajiye ko ɗigon ruwa, yana hana jirgi karo da ƙasa ne kawai. Abin da ke ajiye ruwa shi ne hanya ta biyu, rage adadin jirage. A ƙarshen Yulin 2023 aka sauko zuwa 32 a rana, a Nuwamba 24, a Disamba 22. An ma sanar cewa zuwa Fabrairun 2024 za a koma 18, sai ruwan Nuwamba ya ɗan kyautata aka fasa, aka ɗaga zuwa 24 a Janairu. Ba a koma ƙafa 50 ba sai a Agustan 2024, jirage 36 kuma sai a Satumba.

Da gurbin wucewa ya yi ƙaranci sai kasuwa ta buɗe. Hukumar tana sayar da yawancin gurabe ta hanyar kamawa tun da wuri, kaɗan kuma tana yin gwanjonsu. A Nuwamban 2023 wani kamfanin makamashi na Japan ya biya kusan dala miliyan 4 don gurbi guda, ban da kuɗin wucewa na asali. A nan aka ga wanda ke da ƙarfi. Jiragen kwantena suna tafiya da jadawali, sun san ranar isowarsu tun watanni, kuma su ne manyan abokan cinikin hukumar, sai suka riƙe gurabensu. Jiragen hatsi da na gawayin ƙasa, waɗanda ribarsu a kan kowane tan ba ta da yawa kuma ba sa sanin ranar tashi sai an gama lodi, su aka ture. Masu dakon iskar gas daga gaɓar Texas da Louisiana zuwa Asiya da yawa suka haƙura suka zagaya ta kudancin Afirka, tafiyar da ke ƙara mako biyu ko fiye da man da za a ƙona a cikinsu. Da ma Suez ce madadin, to a daidai wannan lokaci ne 'yan Houthi na Yemen suka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya. A Janairun 2024 kamfanin Maersk ya daina ratsa mashigin da jiragensa masu zuwa Ostareliya da New Zealand, ya koma sauke kaya a gaɓa ɗaya, jirgin ƙasa ya kai su ɗaya gaɓar. Amurka ce ta fi jin jiki, domin kusan kashi 70 cikin ɗari na kayan da ke bin mashigin daga can suke fitowa ko can suka nufa.

Dabarun tsimi da iyakarsu

Injiniyoyin hukumar sun matse duk inda ake iya matsewa. Tsofaffin ɗakunan layi biyu ne a jere, don haka maimakon a zubar da ruwan ɗakin da ake saukewa, sai a tsallakar da wani ɓangarensa zuwa ɗakin da ke maƙwabtaka da shi wanda ake son cikawa. Hukumar ta ce wannan kaɗai yana ceto ruwan da ya kai na jirage shida a rana. Ana haɗa ƙananan jirage biyu a ɗaki ɗaya. An dakatar da samar da lantarki a dam ɗin Gatun, tunda ruwan da ya juya injin ya tafi ke nan.

Sababbin ɗakunan da aka buɗe a Yunin 2016, Agua Clara a Atilantika da Cocoli a Fasifik, su ne suka fi ban sha'awa, kuma su ne suka zo da matsalar da ba a cika magana a kanta ba. Kowanne tsawonsa mita 427, faɗinsa mita 55, ya ninka tsohon ɗaki sau biyu da ɗoriya. Da haka aka bar su da sun shanye tafkin. Sai aka gina wa kowane ɗaki kwatarniya uku a gefensa, hawa-hawa. Idan za a sauke jirgi, kashi 20 na farko na ruwan ya shiga kwatarniyar sama, kashi 20 na biyu ta tsakiya, na uku ta ƙasa, saura kashi 40 ne kawai ke gangarawa. Idan za a ɗaga wani jirgi sai a dawo da kashi 60 ɗin nan, a cike gurbin da sabon ruwa. Da wannan dabara babban ɗaki yake cin ruwa ƙasa kaɗan da na tsohon.

Illar ita ce gishiri. Duk buɗe ƙofar ƙasa ruwan teku yana kutsowa, kuma da yake ya fi nauyi sai ya kwanta a ƙasan ɗaki. A tsohon tsari yawan ruwan daɗin da ake zubarwa yana wanke shi. A sabon tsari ruwa ɗaya ake ta juyawa tsakanin ɗaki da kwatarniya, gishirin yana hawa mataki-mataki har ya isa tafki. Tun 2016 gishirin Gatun ya ƙaru, an kuma ga kifayen teku suna yawaita a cikinsa. Tunda tafkin na sha ne, dole wani lokaci a saki ruwan daɗi don wanke ɗakunan. Wato tsimin yana da iyakar da idan aka wuce ta, abin da aka ceto ta nan sai a biya ta can.

Yashe ma ba magani ba ne. A kogi irin Mississippi na Amurka, wanda ya yi mummunar raguwa a 2022 da 2023, ko Rhine na Jamus, jirgi ba ya cinye ruwan da yake bi, zurfi kawai yake nema, don haka ana iya yashe hanya ko a ƙera jirgi marar nutso sosai. Haka kamfanin sinadarai na BASF ya yi bayan ƙarancin ruwan 2018 ya ja masa asarar kusan yuro miliyan 250. A Panama zurfafa hanya zai taimaki nutso, amma ba zai ƙara lita ɗaya a abin da ɗakuna ke sha ba. Tace gishiri daga ruwan teku kuwa, a ma'aunin lita biliyan 7 a rana, sannan a tura shi sama mita 26, kuɗin wutarsa kaɗai ya isa ya kashe maganar. Matsalar Panama ta wurin ajiya ce. A shekarar da ruwa ya yi yawa sai an buɗe ƙofofin dam an zubar da rara, kamar a Disambar 2010 da ambaliya ta sa aka rufe mashigin na ɗan lokaci, a shekarar fari kuma babu abin da aka tanada.

Wa zai biya

Abin mamaki shi ne farin bai taɓa aljihun hukumar ba sosai. A shekarar kuɗi ta 2024, wadda ta ƙare a Satumba, jirage sun ragu ƙwarai amma kuɗin shiga ya tsaya a wajen dala biliyan 5, kusan daidai da na shekarar da ta gabata, saboda ƙarin kuɗin wucewa da gwanjo da kuma cewa manyan jirage masu biya da yawa su suka rage. A Fabrairun 2020 ma an sa harajin ruwan daɗi, wanda a lokacin ya kasance: dala 10,000 a kan duk jirgin da ya haura ƙafa 125, da ƙarin kashi 1 zuwa 10 cikin ɗari na kuɗin wucewa, wanda ke hawa idan tafki ya sauka. Masu jirage suna ɗora wannan a kan masu kaya, su kuma a kan mai saye.

Wannan gata ne da koguna da yawa ba su da shi. Rhine, alal misali, tun yarjejeniyar Mannheim ta 1868 ba a karɓar kuɗin wucewa a kansa, shi ya sa aikin ƙara zurfin santimita 20 kacal tsakanin Mainz da St. Goar yake jiran kasafin gwamnatin Jamus da izinin muhalli shekara da shekaru. Panama tana da ƙofar karɓar kuɗi, kuma ta taɓa gwada ƙarfinta: faɗaɗawar 2016 ta ci sama da dala biliyan 5, aka ranto biliyan 2.3 daga bankunan raya ƙasa guda biyar, sauran aka biya daga kuɗin mashigi. Sai dai rarar hukumar ba tata ba ce. Tun da Amurka ta miƙa mashigin a ƙarshen 1999, abin da ya rage bayan kashe-kashe baitulmali yake tafiya, kimanin dala biliyan 2.5 a shekara daga 2022 zuwa 2024. Duk dalar da aka zuba a dam, gwamnati ce ta rasa ta a wannan shekarar. Ƙara wa jirage kuɗi ma ya zama abin taka-tsantsan tun da Donald Trump ya fara ƙorafin tsadar wucewa yana barazanar ƙwace mashigin.

Aikin da hukumar ta tsaya a kansa shi ne datse Rio Indio, kogin da ke yamma da Gatun wanda ke zubar da ruwansa kai tsaye a Tekun Karibiyan. Za a gina dam, a samu tafki mai faɗin hekta 4,600 da zai ɗauki lita biliyan 1,250 ko kusa da haka (bai kai dam ɗin Tiga na Kano ba), a haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa ta kilomita 8 zuwa 9 da ruwa zai gangara da kansa zuwa Gatun. Idan aka raba wannan ruwa da lita miliyan 200, ya kai na jirage sama da 6,000, ko da yake ba dukansa ake iya jawowa ba kuma na sha ne zai fara ɗiba. Kuɗin aikin dala biliyan 1.6 ne, kimanin biliyan 1.2 na gini, miliyan 400 na diyya da sake tsugunar da jama'a. Kwamitin gudanarwar hukumar ya amince da shi a Fabrairun 2025, da shirin fara gini a 2027.

Hukumar da ke samun ribar da ta haura dala biliyan 3 a shekara, biliyan 1.6 a cikin shekara shida ba zai gagare ta ba. Abin da ya riƙe aikin kusan shekara ashirin alkawari ne. A 2006, da ake neman 'yan ƙasa su amince da faɗaɗa mashigi a ƙuri'ar raba gardama, an tabbatar wa manoman yammacin yankin cewa ba za a gina sabon dam ba, aka yi dokar da ta cire Rio Indio daga hurumin hukumar. A ra'ayina a nan aka yi kuskuren da aka biya a 2023: an ƙara bakin da ke shan ruwa ba a ƙara randa ba, aka dogara da kwatarniyoyin tsimi su rufe giɓin. Sai a 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke waccan doka, hanya ta buɗe.

Mutanen da tafkin zai tasa sun kai 2,000 zuwa 2,500, ƙananan manoma ne masu rogo, masara, shinkafa, kofi da 'yan shanu, kuma da yawansu ba su da takardar mallakar gonakin da suka gada. A nan diyya ke kakarewa: wanda ba shi da takarda, da wane ma'auni za a biya shi, kuma gonar da za a ba shi a madadin tana bakin kogi kamar wadda ya bari? Waɗanda ke ƙasan dam ɗin su ma kogin da suke bi da kwalekwale zai ragu. Suna da dalilin ƙin yarda da baki. Dam ɗin Bayano da aka gina a gabashin ƙasar a shekarun 1970 ya tashi ƙabilun Guna da Embera, kuma sai a 2014 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta yanke hukunci a kan Panama saboda rashin shata iyakar filayen da aka ba su a madadin da kuma ba su takardun mallaka. Gwamnati kuma ba ta manta da zanga-zangar ƙarshen 2023 ba, wadda ta kai ga rufe babbar mahaƙar tagulla ta ƙasar.

Akwai ruwa mai arha da ba ya buƙatar tashin kowa. Kusan kashi 40 cikin ɗari na ruwan da ake tacewa don birane yana salwanta ta fasassun bututu da haɗin da ba a biya, kuma daga tafkunan nan aka ɗebo shi. Gyaran bututu aikin hukumar ruwa ta ƙasa ne, wadda kuɗin da take karɓa ba ya riƙe ta, ba na hukumar mashigi mai kuɗi ba. Ba zai maye gurbin dam ba, amma ana iya fara shi gobe.

Ko da komai ya tafi yadda aka tsara, gini zai ci shekara huɗu, cika tafki kuma sai damina ta yi kyau, don haka ruwan Rio Indio ba zai isa Gatun ba kafin farkon shekarun 2030. El Nino yana dawowa ne duk shekara biyu zuwa bakwai. Kafin nan abin da hukumar ke da shi shi ne rage nutso, rage gurabe, da sabon tsarin da ta fito da shi a 2024 na sayar da gurabe na dogon lokaci tun gaba, wanda ya fi dacewa da kamfanonin da za su iya biya tun kafin su san ko ruwa zai sauka.